Muryar Ishaku Tana Cikin Akwati

Tabarma, buta, bargo, kwanon sha mai murfi, ledar magungunan da aka ba su a asibiti, takalman Ishaku ɗaure da igiya, da akwatin katako mai ƙaramin kwaɗo. Abin da suka ɗauko daga Figil ke nan. Ishaku yana kwance a bayan motar, kansa bisa cinyar matarsa Iyatu, ita kuma ta ɗaga gefen mayafinta tana tare masa rana. Akwatin ne ya rasa wurin zama. Iyatu ta ce ba za ta yi doguwar tafiya da shi a gefen ƙafarta ba, sai Bilya ya ɗora shi a kujerar gaba, kusa da shi, kamar fasinja.

Motar ta mahaifin Bilya ce, tsohuwar fijo mai buɗaɗɗen baya da ake kwasar fatu da ita daga mayanka. An wanke ta da safe, amma warin bai fita ba. Bilya ya yi karatun likitan dabbobi a Rumaniya, ya dawo ya tarar gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, shi ke nan ya kama sitiyarin motar fatu. Da labari ya iso Garwa cewa maƙwabcinsu ya faɗi a Figil, ba a yi shawara ba, shi ne mai mota.

Kafin garin Fitowa suka tarar da shinge: ganga biyu da katako mai ƙusoshi. Wani jandarma ɗan kudu ya leƙa baya, ya ga mara lafiya, ya zagayo gaba ya nuna akwatin da baki.

"Ouvrez."

Bilya ya buɗe. Tiyodor, mutum-mutumin katako na Ishaku, na kwance a naɗe gida biyu, ƙafafunsa a kan kafaɗunsa, sanye da 'yar babbar riga shuɗiya da jar dara. Kumatunsa sun sha fenti, bakinsa a ɗan buɗe, idanunsa na gilashi suna kallon rufin motar. Jandarman ya ja da baya har ya taka katakon ƙusoshin. Ya yi wata dariya mai ƙarfi wadda ba ta kai ciki ba.

"Rufe, rufe," ya ce da Faransanci. "Ku tafi."

Ko takardun mota bai tambaya ba.

A unguwar Yelwa katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Bilya da na Ishaku. Kowa ya san Ishaku da i'ina mai tsanani. Kafin ya gama amsa gaisuwa, wanda ya gaishe shi ya kai bakin titi. Yana saurayi ya yi wa wani Bafaranshe malamin makaranta aikin dafa abinci a Domayo, can Marwa, kuma Baturen ne mai mutum-mutumin. Yakan ɗora shi a cinya, ya zura hannu ta bayansa, ya yi magana bakinsa a rufe, sai a ji kamar daga bakin katakon muryar ke fita. Wata rana Ishaku yana share ɗaki ya zura nasa hannun, ya gwada, ya ji magana na zubowa ba gargada. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu ya bar masa shi, har da sunansa na Nasara.

Da shi Ishaku ya ci abinci duk rayuwarsa. Makarantu, taron suna, kasuwannin ƙauye, da yawon wayar da kai na ma'aikatan lafiya idan kwalara ta ɓarke. Tiyodor ya iya Hausa, ya iya Fillanci, ya iya Faransancin kasuwa, kuma ba ya jin kunyar kowa. Yara kan yi dariya daga nesa. Ba wanda ke matsowa. A Figil, a gaban 'ya'yan ma'aikatan siminti, Ishaku ya zame daga kujera tsakiyar wasa, ya faɗi gefe guda, Tiyodor ya faɗi ɗaya gefen. Yaran suka yi ta tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

Likitan ya ce jijiya ce ta fashe a kai. Ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke. Ya ce a kai shi gida.

Malam Hassan na tsaye a ƙofar gida lokacin da suka iso. Shi ne wan Ishaku, tsohon mahauci da ya ajiye wuƙa ya zama ladanin masallacin unguwa. Da hannunsa ya kama kafaɗun ƙanensa aka shigar da shi ɗaki. Da Bilya ya dawo ɗauke da akwatin, sai ya tarar da shi ya tare zaure.

"Wannan ba zai shiga ba."

"Ai nan ne wurinsa, Baba."

"Dā ke nan. Yanzu ɗakin mai jinya ne, kuma kai ma ka ji abin da likita ya ce. Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da aka ajiye gunki. Na yi magana tun muna da baƙin gashi, bai ji ba, na bar shi. Amma fitar rai ba wasan makaranta ba ne." Ya kauce wa akwatin da ido. "Kai shi wajenka, likitan shanu. Ku da kuka je Turai ba kwa tsoron komai."

Bilya ya kai shi ɗakinsa, ya tura ƙarƙashin gado.

Da aka ji an fitar da abin, mutane suka fara zuwa. Waɗanda ba su taɓa taka gidan Ishaku ba suka zo, mahauta da dillalan shanu da matansu, suka cika tsakar gida da takalma. Ana karanta Yasin da safe, ana karantawa da yamma. Zafin bazara ya kwanta a kan Garwa, rufin kwano na ƙara, Iyatu na jiƙa tsumma tana goga wa mijinta a wuya. Ishaku na jin komai. Idanunsa na bin duk wanda ya shigo, su duba hannunsa, su koma kan ƙofa. Hannunsa na hagu, wanda ya rage da rai, yana kan bargo, yatsun na buɗewa suna rufewa.

Jiki ya ci gaba da yin ƙasa. Ruwa ma ya fara sarƙe shi. Malam Hassan ya soma abin da ake yi wa mai barin duniya: ya durƙusa kusa da kunnensa, ya faɗi kalmar shahada a hankali, ya yi shiru, ya ba shi fili ya maimaita. Bilya na tsaye a bakin ƙofa rana ta farko da aka gwada. Ya ga jijiyoyin wuyan Ishaku sun miƙe, haɓarsa na rawa, harshensa ya ɗaga ya manne a sama.

"L... l... l..."

Yawu ya gangaro ta gefen da ya mutu. Hawaye ya bi ta gefen ido ya shiga kunne. Malam Hassan ya share masa da bakin rigarsa, ya ce, "Ba komai, huta." Ya fito waje ya daɗe yana kallon bango.

An sake gwadawa, an kuma sakewa. Kullum a harafin farko yake tsayawa.

Maganar ta fita daga ɗaki ta isa zaure, inda maza ke zama a inuwa. Bilya na zaune can ƙarshen tabarma yana ji.

"Mutum ya kasa kalma a ƙarshensa, ai abin tsoro ne."

"Ciwo ne. Likita ya ce magana ta ɗauke."

"Ciwo? Kawuna ya yi irin wannan ciwon, bai iya kiran sunan 'ya'yansa ba, amma da aka laƙƙana masa ya faɗa tsaf. Wannan riƙe shi aka yi."

Mai maganar Yusufa ne, mahauci mai teburi a babbar kasuwa, ƙato mai ƙaramar murya. Wani ya ce masa, "Kai da ka kayar da bijimin Maiganga kai kaɗai, katako kake tsoro?"

"Ina tsoro, ban ɓoye ba," in ji Yusufa. "Ni na san idon da ba rai, kullum da shi nake kwana nake tashi. Kan rago idan ka ajiye a teburi, ido a buɗe, yana kallonka amma ba kowa a ciki. To wannan ga idon kan rago, ga baki yana zuba kamar na mai rai. Ka dubi idon ka ce ba kowa, ka ji bakin ka ce akwai wani. Wanne zan gaskata? Ranar sunan 'yata Fati ya juyo ya ce mini, 'Yusufa, ina wutsiyar san da aka yanka?' Wa ya gaya masa?"

"Duk unguwa ta san inda wutsiyar ta tafi."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri.

"Ni dai abin da na sani," Yusufa ya ci gaba, "muryar Ishaku tana wajen abin nan. In ba a ƙona shi ba, ba zai sake ta ba. Malam, kai ne babba."

Malam Hassan na jan carbi, bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "In an sauko daga Juma'a, bayan la'asar. A bayan gari, ba a unguwa ba."

Ranar Juma'ar da hantsi Bilya ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ya ce wa kansa zai duba ne kawai ko akwai wani abin Ishaku a ciki da ya kamata a cire. Ya ɗago Tiyodor. Ba nauyi, kamar 'yar akuya da ta kwana biyu ba ta ci ba. Ya ɗaga rigar ta baya. Rami ne, da sanda a tsaye wadda ke riƙe da kai, da zare mai ƙaramin zobe da ake ja baki ya buɗe. Sandar ta yi santsi, ta lotsa daidai inda yatsun Ishaku ke kamawa. Iyakar abin ke nan. Bilya ya ga irinsa a talabijin a Bukares, can Rumaniya, ya san yadda ake yi, ya ma taɓa yi wa abokansa bayani. Yana yaro, in an aike shi gidan Ishaku, gudu yake ya wuce ƙofar ɗakin, don wata rana kan Tiyodor ya juyo a hankali ya kira sunansa. Wannan ya wuce tuntuni.

Ya zaunar da shi a kan kujera, ya koma bakin gado. Ɗakin ya yi tsit. Fuskar na kallonsa da murmushin fenti, baki a ɗan buɗe kamar wanda ya ja numfashi zai ce wani abu. Bilya ya kama kansa yana jira. Ya tashi ya juya fuskar ga bango, sai ya ga ƙeyar ta fi muni, don yanzu jira yake ta juyo.

"Bilya."

Ya zabura har gwiwarsa ta bugi gado. Muryar daga waje take, ta kan katanga. Iyatu ce, ta taka turmi ta leƙo ta wajen rijiya.

"Inna, lafiya?"

"Numfashinsa ya sauya. Kawo masa shi."

Bilya ya matso jikin katangar. "Inna, kin ji abin da Baba Hassan ya ce. In na shigar da shi, duk za su fita. Ba mai karatu, ba mai zama. Kuma ba lallai ya yi magana ba. Inda maganar take a kai, nan ne ya lalace."

"Na sani."

"Na ɗauka ke ma ba kya son ganinsa."

"Ba na so." Ta gyara tsayuwa a kan turmin. "Da bakinsa aka nemi aurena, ka sani? A zauren babana. Kowa na dariya, ni ina bayan ƙofa ina jin sanyi a bayana. Tun daga ranar, duk wata magana mai daɗi da Malam Ishaku ya taɓa yi mini, fuskar katako nake kallo. In na juya wajen mijina, bakinsa a rufe, yana kallon ƙasa. In ya zage ni ma haka. Ban taɓa sanin wa zan yi wa fushi ba." Ta share fuska da mayafi. "Amma ba zan bari a binne shi ana cewa ya kasa kalma ba. Hannun nan nasa da ke motsi, kai ma ka gani. Kawo shi."

Bilya bai mayar da shi akwati ba. Ya ɗora shi a hannu kamar yaro, ya fita ta ƙofar gidansu, ya shiga zauren Ishaku. Ƙafafun katakon na lilo suna bugun cinyarsa. Mazan da ke zaune suka janye ƙafafu. Wani ya yi a'uziyya. Yusufa ya miƙe tsaye, amma bai matso ba.

"Kai, ɗan Alhaji! Ina za ka da shi?"

"Wajen mai shi."

Matan da ke tsakar gida suka kwashi yara suka yi bayan rumbu. Masu karatu biyu da ke cikin ɗakin suka rufe littafi suka fito, suna raɓawa ta jikin bango. Malam Hassan ne ya rage, zaune a gefen gado.

"Fitar da shi."

"Inna ce ta ce a kawo."

"Iyatu!"

"Ni ce, Yaya," ta ce daga bayan Bilya. "Ka yi haƙuri."

Malam Hassan ya dubi ƙanensa. Idanun Ishaku sun bar kowa, suna kan abin da ke hannun Bilya, kuma hannun hagun ya ɗaga daga bargo. Malam Hassan ya miƙe da ƙyar, ya fita. Bai yi nisa ba. Ya tsaya a dokin ƙofa, ƙafafunsa a waje, ya juya wa ɗakin baya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Da hannun dama Ishaku ke riƙe sandar, dama kuwa ta mutu. Bilya ya zauna a gefen hagu, ya ɗora Tiyodor a kan gadon, ya kama hannun Ishaku ya zura a ramin. Yatsun suka yi ta lalube, ba su san wurin ba, lotsawar sandar ta ɗaya hannun ce. Dole Bilya ya zura nasa hannun a kan na Ishaku, ya riƙe masa sandar, ya sa masa yatsa a zoben. Hannun tsohon sanyi ƙalau, ramin kuma na warin zufa da man kaɗe.

Ƙuda na yawo a bakin kwanon sha. Bilya ya fara tunanin yadda zai fita da abin ta cikin zauren nan idan ba wata magana da ta fito.

Bakin katakon ya yi ƙas. Ya sake yin ƙas.

"Wa... ya kulle ni?"

Siririyar muryar nan ce ta hanci da duk unguwa ta sani, sai dai ta yi nauyi, tana jan ƙafa kamar ta mashayi. Leɓen Ishaku bai motsa ba. Maƙogwaronsa ne kawai ke hawa da sauka. A tsakar gida wata mata ta yi salati.

"Zafi... a ciki. Ba ku da imani."

Iyatu ta toshe baki da mayafi. Ba a gane ko dariya take ko kuka ba.

"Madam."

"Na'am," in ji Iyatu.

"Kin rame."

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba," ta ce.

Aka daɗe kafin wata maganar ta zo. Bilya na jin yatsan Ishaku na neman ƙarfi a ƙarƙashin nasa.

"Tsoho ya ce... ki yafe masa."

Iyatu ta matso. Ta tsaya tsakanin fuskokin biyu, ta rasa wadda za ta kalla. Daga baya ta durƙusa, ta kama haɓar mijinta ta juyo da ita wajenta.

"Na yafe, Malam. Ni ma ka yafe mini."

"Ya ce... ba ki yi komai ba. Sai yawan gishiri a miya."

Wannan karon dariya ta yi, gajera, ta kife fuska a bargon.

Ishaku ya tura sandar. Bilya ya gane, ya taya shi, kan ya juya a hankali wajen ƙofa.

"Yaya Hassan. Ka ba mu ƙeya. Ta fi... fuskar kyau?"

Kafaɗun Malam Hassan suka motsa. Bai juyo ba.

"Ishaku," ya ce wa tsakar gida, "ba da abin nan nake magana ba, da kai nake. Lokaci ya ƙure. Ka bar wasa." Ya ja numfashi, ya ɗaga murya yadda yake ɗagawa a masallaci. "La ilaha illallah."

Ƙas.

"Tsoho ya ce..."

"Ba 'ya ce' ba!" Malam Hassan ya bugi dokin ƙofa da tafin hannu. "Ba aike ba ne wannan! Ba a aika kowa da ita! Kai za ka faɗa, Ishaku, kai!"

Numfashin Ishaku ya yi sama, ya tsaya, ya dawo da ƙara. Bilya ya ji yatsan ya zame daga zoben. Hannun ya saki sandar, ya kwanta a cikin nasa. Bakin Tiyodor ya tsaya a rufe. Amma idanun Ishaku na buɗe, suna kan bakin katakon, maƙogwaronsa na motsi ba sauti. Jira yake bakin ya buɗe.

Bilya ya sa nasa yatsan a zoben, ya ja.

"La..."

Ya saki, ya sake ja. Bai san inda gaɓoɓin za su faɗa ba, ja kawai yake yana saki, muryar na biyo bakin a baya, wani wuri ta riga shi, wani wuri ta makara. Siririya, ta hanci, muryar da ke tambayar Yusufa wutsiyar sa. Ta tsaya a tsakiya, Bilya ya ci gaba da ja, katako na ƙas ƙas a ɗakin da ba mai numfashi, sannan ta dawo ta ƙarasa har ƙarshe.

Malam Hassan ya jingina goshi da bango.

Bayan wannan Tiyodor bai sake magana ba. Bilya ya zare hannunsa, ya zare na Ishaku ya ɗora a kan bargo. Ya mayar da mutum-mutumin gefe, ya rufa masa ɗankwalin Iyatu a fuska. Ana kiran sallar Juma'a a babban masallaci Ishaku ya cika. Malam Hassan bai je Juma'a ba ranar. Sai da Bilya ya fitar da Tiyodor ya mayar akwati, ya ajiye a gindin darbejiyar tsakar gida, sannan ya shiga ya rufe wa ƙanensa ido.

An yi wanka, an yi salla, an kai shi kafin la'asar. Mutane sun taru fiye da yadda aka zata. A hanyar dawowa Bilya na jin maganar na yawo a bayansa, ƙasa-ƙasa. Ya faɗa. Wa ya faɗa? An ce abin ne ya faɗa. To ai shi ne. Ina fa shi ne.

Da suka shiga gida Malam Hassan ya ja shi gefe, wajen rijiya, inda ba mai ji. Ƙasar kabari na nan a gwiwoyin wandonsa.

"Ni ban gani ba, bayana na juya. Kai ne a ciki. Hannun wa ke jan bakin?"

"Da farko nasa. A ƙarshe nawa."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Muryar fa?"

"Tasa ce."

"Ba ka koyo abin nan a can ba? An ce a Turai har a makaranta ake koyar da shi."

"Ban iya ba, Baba."

"Da ka iya, da ka yi masa. Don tausayi. Ni ma da na iya..." Ya matso kusa da shi. "Rantse."

"Wallahi tasa ce. Ina kallon maƙogwaronsa."

"Maƙogwaro." Malam Hassan ya murza ido da yatsu biyu. "Tun muna yara nake jiran in ji ya faɗi magana ɗaya ta miƙe da bakinsa. Ɗaya tak. Yau na ji ta miƙe, kuma ba muryar da uwarmu ta haifa ba ce." Ya kakkaɓe gwiwa, ƙasar ba ta fita ba. "To. Wanda aka faɗa dominsa ya san mai faɗa."

Yusufa ya shigo tsakar gidan da galan ɗin kalanzir, mutum uku na biye da shi. Suka tsaya nesa da darbejiyar.

"Malam, la'asar ta yi. Ɗan Alhaji ya ɗauko mana shi a mota, mu ba ma taɓawa."

Malam Hassan ya dubi akwatin. Daga ɗakin da Iyatu ta shiga takaba ana jin muryoyin mata masu gaisuwa, ana amsawa a hankali.

"Gunki ne fa, Malam. Kai ka faɗa."

"Na faɗa."

"To?"

Tsohon ya taka zuwa gindin bishiyar. Ya tsaya a kan akwatin kamar mai auna nauyin sa da ido. Ya naɗe hannunsa da bakin riga, ya sunkuya ya kama mariƙin, ya ɗaga, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Mutanen suka buɗa masa hanya. Ya shiga ɗakin Ishaku, inda aka riga aka naɗe katifa aka share ƙasa, ya ajiye akwatin a kan igiyoyin gadon. Bilya na hango shi ta ƙofa, ƙaramin akwati a tsakiyar gado ba shimfiɗa, hasken yamma na faɗowa a kansa ta taga.

Malam Hassan ya fito, ya jawo ƙyauren har ya kama, ya sa sakata.

"Kalmar ta bi ta bakin nan," ya ce. "Ba za a sa masa wuta ba. Ba kuma mai sake sa hannu a cikinsa."